Koyar da tatsuniyoyin Girkawa a makarantun firamare

Koyar da tatsuniyoyin Girkawa a firamare wani ɓangare ne na darasin tarihi ko na karatu, inda ake gabatar wa yara 'yan shekara 7 zuwa 11 labaran alloli da jarumai da dodanni na tsohuwar ƙasar Girka. Da baka aka fara bayar da labaran, kafin mawaƙa irin su Homa da Hesiyod su tsara su a waƙe wajen ƙarni na 8 zuwa na 7 kafin Miladiyya. Waɗanda yara suka fi sani, kamar na Ikarus da na Sarki Midas, yawanci an ɗauko su ne daga Obid, mawaƙin Romawa da ya yi rubutu da Latin a farkon ƙarni na 1 Miladiyya. Cikin mutanen nan babu wanda ya yi waƙarsa don yara, shi ya sa nauyin aikin malami ya fi karkata ga zaɓe da tacewa.

Inda ake koyarwa

A Girka kanta, darasin tarihi na aji uku da tatsuniyoyin nan yake farawa, sannan a gangaro zuwa zamanin da aka tono shaidarsa a ƙasa. A Ingila, manhajar da ta fara aiki a 2014 ta wajabta nazarin tsohuwar Girka ga yara 'yan 7 zuwa 11, kuma malamai da dama ta ƙofar tatsuniya suke shiga. A Amurka, ƙa'idojin karatu na bai-ɗaya da aka fitar a 2010 sun nemi ɗan aji uku ya iya maimaita tatsuniya ya faɗi saƙonta, ɗan aji huɗu kuma ya gane kalmomin da suka samo asali daga jaruman tatsuniya. Makarantun Waldorf, masu bin tsarin koyarwa nasu na daban, sukan jinkirta har aji biyar.

Dalilin da ake bayarwa shi ne sunayen sun bazu ko'ina. Duniyoyin Jufita da Mas sunayen allolin Romawa ne da suka yi daidai da Zeyus da Ares na Girkawa. Kumbon da ya kai mutum wata a 1969 sunan Afolo, ɗaya daga allolin Girkawa, yake ɗauke da shi. Wasannin Olamfik kuwa, da ake lissafin farkonsu daga shekara ta 776 kafin Miladiyya, biki ne da Girkawa suke yi wa Zeyus.

Zaɓen labari

Ga 'yan shekara 7 zuwa 8, labari mai jarumi ɗaya da matsala ɗaya ya fi zama. Midas ya roƙi duk abin da ya taɓa ya zama zinariya, sai abincinsa ma ya zama zinariya. Ikarus ya ƙi jin gargaɗin mahaifinsa Dedalus, ya yi sama kusa da rana, kakin zuman da aka liƙa fukafukansa da shi ya narke. Arakni masaƙiya ta yi gasa da allahiya Atina, ta ƙare a gizo-gizo. Kowanne a cikinsu ana iya bayar da shi cikin minti goma.

Dogayen labarai sai an kai shekara 9: ayyuka 12 na Herakilis, tafiyar Odisiyus ta shekara goma daga yaƙin birnin Turoy zuwa gida, da Tesiyus a tsibirin Kirit. Waɗannan kashi-kashi ake bayar da su, kashi ɗaya a darasi ɗaya, a tsaya inda yara za su ƙagu su ji saura.

Tsarin darasi

Darasin minti 40 yakan kasu uku. A minti biyar na farko malami ya nuna wurin a taswira, ya rubuta sunayen da za su fito a allo, ajin ya maimaita su da ƙarfi. Kada sababbin sunaye su wuce huɗu ko biyar; idan suka wuce, hankalin yaro kan koma ga riƙe suna, labarin ya kuɓuce masa. Daga nan sai minti 10 zuwa 12 na bayar da labari da baka, ido cikin ido, littafi a rufe. Sauran lokacin na yara ne: a ba su katuna shida zuwa takwas masu hotunan labarin a hargitse su jera, ko su yi ɗan wasan kwaikwayo, ko su zana. Malaman da suka daɗe a harkar sukan liƙa bishiyar dangi a bango tun makon farko: Kronos da Riya a sama, 'ya'yansu shida a ƙasa, wato Hestiya, Dimita, Hera, Hedis, Fosaidon da Zeyus, a riƙa ƙara suna duk ranar da ya fito a labari. Idan aka cika bishiyar tun ranar farko ba mai kallonta.

Tesiyus da murɗaɗɗen gida

Wannan labari ya fi kowanne ba da aikin hannu. Birnin Atens yana aika samari bakwai da 'yammata bakwai zuwa Kirit don a ba dodo Minoto, mai jikin mutum da kan bijimi, wanda aka kulle a wani gida mai murɗaɗɗun hanyoyi. Tesiyus ya shiga cikinsu, Ariyadni 'yar Sarki Minos ta ba shi dunƙulen zare, ya kashe dodon, ya bi zaren ya fito. A hanyar dawowa ya manta bai sauya baƙaƙen filafilan jirgi da farare ba, alamar cewa yana raye, mahaifinsa ya hango ya ɗauka ya mutu, ya faɗa teku.

Zanen gidan yana kan tsofaffin kuɗin birnin Kinosos da ke Kirit, kuma ɗan aji uku zai iya zana shi. A fara da alamar tarawa a tsakiyar takarda, kusa da ƙasa kaɗan don a bar fili a sama. A sa kusurwa mai siffar harafin L a kowane ɗaya daga lunguna huɗu na alamar, a ɗiga ɗigo ɗaya cikin kowace kusurwa. Yanzu akwai bakuna 16: huɗu na alamar, takwas na kusurwoyi, da ɗigo huɗu. A ja layi mai lanƙwasa kamar baka daga saman alamar zuwa bakin da ke kusa da shi ta dama, sannan a ɗauki baki na gaba ta hagu a zagayo ta sama zuwa na gaba ta dama, haka har baka takwas. Kuskuren da aka fi yi shi ne tsallake ɗigo, sai hanya ta toshe; a sa yaro ya bi ta da yatsa kafin ya shafa kala. Wani yaro mai lura zai ce ai hanyar ɗaya ce tak, to zaren na mene ne? Gaskiyarsa, zanen kuɗin da gidan labarin ba su dace ba, kuma gara a amince masa da a rufe masa baki.

Matsalolin da aka saba gani

Ta farko ita ce abin da ke cikin labaran na asali. Kronos yana haɗiye 'ya'yansa, Herakilis ya kashe nasa cikin haukan da Hera ta jefa masa, labaran Zeyus da mata kuwa da yawansu na fin ƙarfi ne. Hanyar da ta fi lafiya ita ce a bar abin da bai dace ba, amma kada a ƙirƙiro wani a madadinsa. A ce Herakilis ya aikata babban laifi yana cikin hauka, ayyukan nan 12 da ya yi wa wani sarki kaffara ce, wannan ya isa kuma ba ƙarya a ciki. Idan aka share laifin gaba ɗaya, yara sukan tambayi abin da ya sa jarumi yake wa sarkin da bai kai shi ba bauta.

Ta biyu ita ce saɓanin ruwaya. Yaro zai zo da abin da ya gani a fim ya ce malam ya yi kuskure. Labarin Fasefoni, 'yar Dimita da Hedis ya sace ya kai ƙarƙashin ƙasa, misali ne mai kyau: a tsohuwar waƙar Girkawa ƙwayar rumman ɗaya ta ci, take zama kashi ɗaya cikin uku na shekara a ƙarƙashin ƙasa, Obid ya ce bakwai ta ci, rabin shekara take yi, littattafan yara sukan ce shida. Duk ruwayoyi ne, kuma kwatanta biyu daga cikinsu darasi ne mai zaman kansa. Wasu masana suna ganin lokacin da ba ta nan zafin bazarar Girka ne, sa'adda gonaki ke bushewa, abin da yaron da ya san rani da damina zai fi saurin ganewa.

Ta uku ita ce haɗa sunayen Girkawa da na Romawa a labari ɗaya. A tsaya a kan na Girkawa, a ware darasi ɗaya a ƙarshen zango don jera su gefe da gefe. Haka kuma yara kan ɗauki Hedis a matsayin Shaiɗan, alhali a wurin Girkawa sarkin matattu ne kawai, na kirki da na banza duk wurinsa suke zuwa.

Sai batun addini. Tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi kowa ya san ƙagagge ce, amma Zeyus da Atina an gina musu ɗakunan bauta, an yi musu yanka. A ajin da ke da 'ya'yan Musulmi ko Kirista, malami ya riƙa buɗe magana da "Girkawan da suna cewa", ya guji sa yara yin addu'a ko baiko ga alloli ko da a wasan kwaikwayo, ya kuma aika wa iyaye takarda kafin a fara, mai ɗauke da sunayen labaran da za a karanta.

A ƙarshen zango akan raba allo gida biyu, abin da aka tono da abin da aka ƙaga. Fadar Kinosos tana nan, Arthur Evans ya fara tono ta a 1900, an ga zanen samari suna tsallake bijimi a bangonta, amma ba a sami dodo ba. Turoy ma tana nan a Hisarlik cikin Turkiyya, inda Heinrich Schliemann ya yi tono a shekarun 1870, aka tarar da garuruwa da dama wani a kan wani, ba a kuma ga alamar dokin katakon da labari ya ce mayaƙan Girkawa sun ɓuya a ciki ba.