Mene ne monitaizeshan, kuma ta ina su Facebook da TikTok suke samun kuɗi tunda kyauta muke shiga?

Kalmar monitaizeshan ta cika bakin mutane yanzu, duk wanda ya buɗe peji ko chanel tambayar da yake fara yi ita ce yaushe za a kunna masa, wasu ma har sayen peji suke yi don kawai an ce musu an riga an kunna a kai. Abin da ake nufi da ita shi ne mayar da abu hanyar samun kuɗi, wato kana da wani abu da jama'a suke taruwa a kansa sai ka nemo yadda taruwar nan za ta riƙa kawo maka kuɗi. Mu mun fi saninta ta ɓangaren masu ɗora bidiyo, amma manyan masu monitaizeshan ɗin su ne kamfanonin da suka mallaki dandalin, abin da ake ba mai bidiyo ɗan tsakure ne daga cikin nasu. Kuma in ba ka gane yadda su suke samu ba, ba za ka gane dalilin da ya sa naka yake zuwa kaɗan ko da yawa ba.

Da farko a ajiye wancan tunanin da mutane da yawa suke da shi, cewa datar da kake ƙonawa a TikTok ko Facebook ita ce kuɗin da suke samu. A'a. Kuɗin data na kamfanin layin wayarka ne. Su dandalin abin da suke so a wajenka lokacinka ne da idonka, don shi ne hajar da suke sayar wa masu talla. Kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram da WhatsApp, a shekarar 2023 ya samu kusan dala biliyan 135, kuma kusan kashi 98 cikin 100 na kuɗin nan daga talla ya fito. A 2018 da aka kira Mark Zuckerberg gaban majalisar dattawan Amurka, wani sanata ya tambaye shi yadda ake riƙe kamfanin da mutane ba sa biyan komai, amsar da ya bayar gajeriya ce, ya ce talla suke sakawa. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

To amma tallar nan ba irin ta rediyo ko allon bakin titi ba ce da kowa yake gani iri ɗaya, kuma nan ne wajen da nake so a tsaya a kai. Duk lokacin da ka ja yatsanka sama aka samu gurbin talla, a cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya ana yin gwanjo a kwamfutocin kamfanin tsakanin masu talla da suke neman mutum irinka. Wani ya ce yana son masu shekara kaza zuwa kaza da suke sha'awar waya, wani ya ce yana son waɗanda suka taɓa shiga shafinsa suka duba kaya ba su saya ba, kowa ya faɗi abin da zai iya biya, sai na'ura ta haɗa farashin da aka taya da hasashenta na ko za ka danna tallar, wanda ya fi maki shi za ka gani. Ana biya ko dai a kan duk gani dubu ɗaya, abin da ake kira CPM, ko a kan kowane dannawa, wato CPC. Shi ya sa suke tattara duk abin da za su iya sani a kanka, abin da ka yi wa layik, bidiyon da ka tsaya a kai ko da ba ka taɓa komai ba, irin wayar da kake riƙe da ita, yankin da kake, mutanen da kake bi. Gwargwadon yadda suka san ka, gwargwadon tsadar gurbin da ke gaban idonka.

Mutane suna yawan cewa ai sayar da bayananmu suke yi. Maganar tana da ƙamshin gaskiya amma ba haka take kai tsaye ba, domin a tsarin tallar mai talla ba a miƙa masa sunanka da lambarka, shi dai ya faɗi irin mutanen da yake nema su kuma su kai masa tallar gabansu, bayanan suna riƙe da su don su ne jarinsu. Wannan bai sa abin ya zama ba hatsari ba, a 2018 aka bankaɗo yadda kamfanin Cambridge Analytica, mai yi wa 'yan siyasa aikin kamfe, ya samu bayanan masu Facebook da aka ƙiyasta sun kai miliyan 87, har hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta ci Facebook tarar dala biliyan 5 a 2019. In kana son sanin darajar bibiyar nan a wajensu, ka duba abin da ya faru da Apple ya kawo tsari a 2021 na tambayar mai iPhone ko ya yarda manhaja ta bibiye shi a wasu manhajojin, mutane da yawa suka ce ba su yarda ba, Meta da kansa ya ce canjin zai jawo masa asarar kusan dala biliyan 10 a 2022.

Daga nan ne za ka gane abin da yake ɗaure wa masu ɗora bidiyo kai, mutum biyu kowa ya samu kallo miliyan ɗaya amma abin da aka biya su ya sha bamban sosai. Ba son kai ba ne kawai, masu talla ne ba sa biyan kuɗi ɗaya a kan kowane ido. A alƙaluman Meta na ƙarshen 2023, mai amfani da Facebook ɗaya a Amurka da Kanada yana kawo wa kamfanin sama da dala 60 a wata uku, alhali a rukunin da suke kira sauran duniya, wanda Afirka take ciki, bai kai dala 5 ba. Don haka inda masu kallonka suke zaune da kuma abin da kake magana a kai sun fi yawan kallon tasiri, bidiyo a kan harkar kuɗi ko kwamfuta yakan fi na barkwanci tsadar talla. YouTube, wanda Google ya saya a 2006 a kan dala biliyan 1.65, shi ne ya fi fito da lissafinsa fili, tun 2007 yake raba kuɗin talla da masu chanel, yana ba su kashi 55 cikin 100 a dogon bidiyo, kashi 45 a Shorts, wato gajerun bidiyonsa, kuma kafin a fara ba ka kason talla sai ka samu mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo a cikin shekara guda, ko kallon Shorts miliyan 10 a kwana 90.

Ni abin da ya fi damuna a tsarin nan shi ne abin da yake koya wa mutane. Tunda lokaci ake sayarwa, na'urar da take zaɓo maka abin kallo an gina ta ne ta riƙe ka, kuma sau da yawa abin da ya fi riƙe mutum shi ne abin da ya ɓata masa rai ko ya tayar masa da hankali. Mai ɗora bidiyo yana lura da hakan tun ba a gaya masa ba, ya ga na ilimi ya kwanta na rigima ya tashi, gobe sai ya ƙara rigimar. Ina ganin duk mai neman a kunna masa monitaizeshan ya kamata ya san wannan tun kafin ya fara, ya yanke wa kansa iyakar da ba zai tsallake ba don kallo.

Bayan talla akwai wasu hanyoyin. Akwai biyan kuɗin wata-wata, kamar shuɗin maki na X, wato tsohon Twitter, wanda aka fara sayarwa dala 8 bayan Elon Musk ya sayi Twitter a 2022 a kan dala biliyan 44, da Telegram Premium, da Nitro na manhajar hira ta Discord, da YouTube Premium mai cire talla. LinkedIn kuma, dandalin ma'aikata da masu neman aiki, babban cinikinsa yana wajen kamfanonin da suke neman ma'aikata. Akwai kyaututtukan laif a TikTok, mai kallo ya sayi koins da kuɗinsa ya tura wa mai laif ɗin hoton kyauta kamar fure ko zaki, kamfanin ya cire kaso mai tsoka kafin saura ya kai ga wanda aka tura wa, in kuma ta cikin manhajar waya aka saya Apple ko Google su ma suna da nasu kason. Akwai kamasho a kan kayan da aka sayar a cikin dandalin kamar TikTok Shop. WhatsApp da can dala ɗaya yake karɓa a shekara, ya daina a 2016 bayan Facebook ya saye shi a 2014 a kan kusan dala biliyan 19, yanzu yana samu ne daga kamfanonin da suke biya don tura wa kwastomominsu saƙo, a 2025 kuma ya sanar da fara saka talla a ɓangaren Status.

Sabuwar hanyar da ta shigo ita ce sayar da damar karanta rubuce-rubucen jama'a ga masu gina ƙirƙirarriyar basira. A 2024 Reddit, wani dandalin tattaunawa da tambaya da amsa, ya ƙulla yarjejeniya da Google wadda rahotanni suka ce ta kai kusan dala miliyan 60 a shekara, don a horar da na'ura da tattaunawar da mutane suka shafe shekaru suna yi a can, kuma waɗanda suka rubuta tambayoyin da amsoshin ba su da kaso a cikin kuɗin.