Kuskuren Da Ake Yi Game Da Ma'anar "Single Malt" A Kwalbar Wiski

An daɗe ana zaton cewa wiskin da aka rubuta wa "single malt" daga ganga guda ɗaya tak aka ɗuro shi. Ba haka abin yake ba. Abin da rubutun ke nufi shi ne masana'anta guda ce ta yi shi, da ruwa da sha'ir ɗin da aka jiƙa ya yi tsiro kawai, ba tare da an gauraya wani hatsi ba.

A tsibirin Islay da ke yammacin Sikotilan akwai masana'antar Laphroaig, wadda 'yan'uwa biyu daga zuriyar Johnston suka kafa a bakin teku a 1815, da maƙwabciyarta Lagavulin ta 1816. A irin waɗannan wurare, akan haɗa abin da ke cikin ganguna masu yawa kafin a zuba a kwalba, domin kowace ganga da irin ɗanɗanon da katakonta ke bayarwa, kuma ta wannan haɗin ne ake samun ɗanɗanon bana ya yi daidai da na bara. A ganina, nan ne gwanintar da aka gada kaka da kakanni ta fi fitowa.

Dokar Birtaniya ta 2009 ta wajabta a tace wiskin "single malt" na Sikotilan a tukwane, kuma ya kwana a gangar katako aƙalla shekara 3 a cikin Sikotilan. Shekarun da ke jikin kwalba kuwa na gangar da ta fi ƙuruciya ne a cikin haɗin, don haka mai lamba 10 zai iya ƙunsar wanda ya girme shi.