Me ake nufi da kuɗin ko-ta-kwana a aikin gini?

A takardar ƙiyasin gini, can ƙasa bayan siminti da rodi da kuɗin leburori, akan ga wani layi da masu harkar ke kira kuɗin ko-ta-kwana. Da yawa a nan Katsina suna ɗaukarsa rarar da ɗan kwangila zai zuba aljihu. Ba haka ba ne. Kuɗi ne da ake warewa, galibi kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na jimillar aikin, saboda abin da ake fargabar aukuwarsa amma ba a san ranarsa ba. In Allah ya kiyaye, kuɗin na wanda ake yi wa ginin ne.

Kafin a kai ga maganar kuɗi, zama ake yi. Injiniya da mai ƙiyasi da magini da mai aikin su jera duk abin da ka iya kawo cikas. Kowanne a duba shi ta fuska biyu: ko yana da saurin faruwa, kuma in ya faru wace ɓarna zai yi. Wani a kauce masa, kamar a ƙi haƙa tushe a watan Agusta lokacin da ruwa ya kankama. Wani a rage kaifinsa, a sayi rodi tun da wuri a ajiye. Wani a miƙa wa kamfanin inshora. Abin da ya saura shi ake yi wa tanadin kuɗi, a kuma ɗora wa mutum guda alhakin sa ido.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake yin wannan zama sau ɗaya, a jefa takardar a durowa. Alhali aiki mai tsawo sauya kama yake yi. Dubi tashar lantarki mai aiki da iska ta Lambar Rimi, mai megawat 10. A Disamba 2012 'yan bindiga suka sace injiniya Bafaranshe mai aikin gina tashar, Francis Collomp, a garin Rimi, aiki ya tsaya cik tsawon shekaru. Ba inji ne ya ba da matsala ba, tsaro ne. Haka a 2023, da aka cire tallafin mai a watan Mayu aka kuma bar kasuwa ta yanke darajar naira a Yuni, wanda ya yi ƙiyasinsa a farkon shekara ya tarar kashi 10 ɗin ko kusa bai toshe giɓin ba.

Don haka ko gida mai ɗaki uku kake ginawa a Daura, ku sake zama da maginin bayan an gama tushe, ku kuma zama kafin rufi, a soke abin da ya wuce, a ƙara sabo. A kuma rubuta a yarjejeniya cewa ba mai taɓa wannan kuɗi sai da sa hannunka.