Waiwaye: Daga Ruwan Fricke Zuwa Ƙwayar Alanin

Hasken gamma, wanda ake haska kayan asibiti da shi don kashe ƙwayoyin cuta, ba ya ganuwa, ba ya da wari, kuma sirinjin da aka haska da wanda ba a haska ba kamarsu ɗaya. Shi ya sa tun farko masana suka nemi sinadarin da zai sauya gwargwadon hasken da ya sha, su auna sauyin.

A 1927 Hugo Fricke, ɗan asalin Denmak da ke aiki a Amurka, shi da Sterne Morse suka fito da dabarar da har yau take ɗauke da sunansa. Gishirin ƙarfe ake narkawa a asid da aka surka da ruwa, dangin na ruwan batir. Haske na ratsa ruwan sai ƙarfen ya sauya hali, a karanta yawan sauyin da na'ura. Awon yana da kyau ƙwarai, sai dai yana cin iskar oksijin da ke cikin ruwan. Da an kai wajen gire 400 (gire shi ne ma'aunin hasken da abu ya sha), iskar ta ƙare, lissafi ya rushe.

A lokacin wannan bai dami kowa ba, domin likitoci ake yi wa aiki, su kuwa hasken da suke amfani da shi bai kai haka ba. Matsalar ta fito ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da kobal-60, ƙarfen da ke fitar da hasken gamma, ya wadata, masana'antu suka fara kashe ƙwayoyin cuta a jikin sirinji da zaren ɗinkin tiyata. Adadin da suka saba bayarwa gire 25,000 ne, ninkin iyakar Fricke fiye da sittin. Ina mudu, ina buhu?

Sai aka koma ruwan gishirin siriyam, daga baya na dayikuromet, waɗanda ke jure dubban gire, kodayake na siriyam ɗan datti kaɗan na ɓata shi. A cibiyar bincike ta Harwell a Ingila kuma aka ƙera ƴar jar roba da ke ƙara duhu gwargwadon hasken. Ma'aikaci ya manna ta a jikin kwali, kaya su zagaya su fito, ya ɓare takardarta ya duba. Sauƙinta ne ya sa ta karɓu, ba ingancinta ba. Zafi da laima suna taɓa ta.

A ganina alanin, wani sinadari da ake samu a cikin furotin, shi ne ya warware zancen. An gwada shi tun 1962, amma aikin masana biyu, Regulla da Deffner, a Jamus a 1982 ne ya tsayar da shi. Ƙwaya ce kamar ta magani, na'urar karanta ta tana da tsada, amma karatun ba ya goge shaidar, don haka ana iya aika ta wata ƙasa a sake tantancewa.