An ɗage takunkumin haƙar zinare a Zamfara, amma fa ba a ce kowa ya faɗa rami ba

Tun da ministan ma'adinai Dele Alake ya sanar a Disambar 2024 cewa an ɗage takunkumin da aka sa tun Afrilun 2019, sai na ji samari na ta cewa ai shikenan kowa ya ɗau diga da shebur ya nufi Anka ko Maru ko Bukkuyum. Wallahi jama'a ba haka abin yake ba.

Duk ma'adinin da ke ƙarƙashin ƙasa a Najeriya na gwamnatin tarayya ne, ko da a gonar kakanka ya fito, haka sashe na 44(3) na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce, dokar ma'adinai ta 2007 ma ta nanata. Hakimi ko ciyaman ko gwamna ba mai hurumin ba ka lasisi, sai ofishin Kadasta na ma'adinai da ke Abuja. Ƙananan masu haƙa kuwa ɗaya daga hanyoyin da doka ta buɗe musu ita ce su haɗu su yi ƙungiyar gama-kai su yi rajista, sannan su nemi lasisin ƙaramar haƙa na shekara 5 da ake sabuntawa. Dilan da ke saye shi ma sai da nashi lasisin.

To ga inda ya fi damuna. Ramuka da yawa a dajin nan masu bindiga ne ke iko da su, su karɓi kaso a kowane buhun dutse, wani lokacin su kora mutanen ƙauye aikin dole, zinaren ya bi hannun dillalai ya koma bindiga da harsashi da babura a dawo a kashe mu da su. Kuma tun Nuwambar 2021 babbar kotun tarayya ta ayyana su a matsayin 'yan ta'adda, don haka a dokar yaƙi da ta'addanci ta 2022 in ka sayi zinare a hannunsu ko ka juya musu kuɗi da saninka, tuhumar ɗaukar nauyin ta'addanci ce ke jiranka, ɗauri mai tsawo da ƙwace dukiya.

Ni dai tausayin talakan da ke cikin ramin nake ji, in ya ƙi biyan ɓarayin daji su harbe shi, in ya biya ga jami'an sibil difens na musamman da aka kafa a 2024 suna farautar masu haƙa ba lasisi, kuma shi ya fi sauƙin kamawa a kan mai kuɗin da ke zaune a birni yana jiran a kawo masa kaya.