Waƙar maƙogwaro a ibada da tsayar da zuciya

Waƙar maƙogwaro salon rerawa ne da mutum ɗaya ke fitar da amo biyu ko fiye a numfashi guda: murya mai kauri a ƙasa wadda ba ta sauyawa, da siririn amo kamar na sarewa yana yawo a samanta. An fi saninta a tsakiyar nahiyar Asiya, wato Tuva da Altai da ke kudancin Sibiriya a Rasha, da Mongoliya, da gidajen sufayen addinin Buddha na Tibet. A waɗannan wurare tana da alaƙa da ibada ko da girmama iskoki, kodayake alaƙar ta bambanta ƙwarai daga wuri zuwa wuri.

Yadda ake fitar da sautin

Kowace muryar ɗan Adam tana ɗauke da ƙananan amo da yawa a saman babban amonta, amma kunne yakan ji su a dunƙule. Mawaƙin yana matse maƙogwaro, ya daidaita harshe da leɓɓa har ɗaya daga cikinsu ya fito fili shi kaɗai. A salon murya mai zurfi kuwa, wasu naɗe-naɗen nama da ke saman jijiyoyin murya su ma suna kaɗawa, sau ɗaya a duk kaɗawa biyu ta jijiyoyin, sai muryar ta faɗa ƙasa sosai.

Tibet

Makarantun sufaye biyu na ɗariƙar Gelug ne suka shahara da wannan karatu. Sherab Sengge, almajirin Tsongkhapa (1357–1419) wanda ya assasa ɗariƙar, ya kafa Gyume a 1433. Kunga Dhondup ya kafa Gyuto wajen 1474 ko 1475, kuma daga baya mazauninta ya zama haikalin Ramoche a birnin Lhasa. Ruwayar sufayen ta ce a mafarki aka ba Sherab Sengge muryar, wasu kuma suna jingina ta ga Tsongkhapa da kansa. Ana danganta ta da Yamantaka, abin bauta mai kan ɓauna wanda suke ɗauka a matsayin mai rinjayar mutuwa.

A nan karatun nassi ake yi, kuma jin daɗin kunne ba shi ne manufa ba. Sufaye suna zama sahu-sahu, jagoran karatu da ake kira umdze ya ɗauko, sauran su bi, tare da ƙararrawa da ganguna da kuge da dogayen ƙahonin ƙarfe. Nassoshin da aka fi rerawa su ne na abubuwan bauta uku, Guhyasamaja da Chakrasamvara da Yamantaka. Yayin da baki ke karatu, zuciya tana suranta abin bautar da fadarsa daki-daki, har mai karatun ya ga kansa a siffarsa. Ana jan gaɓar kalma guda ta daɗe, wani zaman kuma yakan ɗauki sa'o'i. Akwai rubutun rerawa na musamman da ake kira yang-yig, lanƙwasassun layuka da ke nuna hawa da saukar murya, amma a bakin malami ake koyon sautin. Wani bayani da ake yawan kawowa shi ne zurfin muryar yana lulluɓe kalmomin asiri daga kunnen wanda ba a ba izini ba.

Bayan tarzomar 1959 ta adawa da mulkin Sin a Tibet, wasu sufayen makarantun biyu sun bi Dalai Lama, jagoran addinin Tibet, gudun hijira zuwa Indiya. Gyuto ta zauna a Dalhousie, sannan Arunachal Pradesh, yanzu tana Sidhbari kusa da Dharamsala. Gyume tana jihar Karnataka. A Dalhousie ne masanin addinai Ba'amurke Huston Smith ya ji karatun a 1964 ya naɗe shi, kuma a 1967 shi da Kenneth Stevens na jami'ar MIT da wani abokin aikinsu suka wallafa nazarin sautin. Babban amon yana kaɗawa kusan sau 70 zuwa 75 a daƙiƙa, ƙasa da muryar maganar yawancin maza.

Tuva da Mongoliya

Makiyaya ne suka riƙe khoomei, wato waƙar maƙogwaro ta wannan yanki, kuma ba a san lokacin farawarsa ba domin ba a rubuce aka gada shi ba. Manyan salonsa a Tuva sun haɗa da sigit mai kama da fito, da kargira mai gurnani. A tsohuwar aƙidar yankin, dutse da kogi da maɓuɓɓuga kowanne yana da iska mai shi. Makiyayi kan zauna a bakin ruwa ya kwaikwayi gudunsa a kan duwatsu, ko kukan raƙumi, ko kaɗawar iska, a matsayin gaisuwa ko kyauta ga mai wurin. Masu bincike Valentina Suzukei da Theodore Levin sun yi rubutu mai yawa a kan haka. A Altai, ana rera doguwar tatsuniyar jarumai da salon muryar maƙogwaro da ake kira kai, kuma a da mafarauta kan tafi da mai rerawa daji don faranta wa mai dutsen rai.

An daɗe ana hana mata rera khoomei, bisa camfin cewa zai cutar da haihuwa ko mazan gidansu. Duk da haka, an kafa ƙungiyar mawaƙa mata ta Tyva Kyzy a 1998.

UNESCO ta sanya khoomei cikin gadon al'adun duniya da sunan ƙasar Sin a 2009, da sunan Mongoliya a 2010. Ana jayayya kan asalinsa har yanzu.

Ƙasashen Yamma

Bajamushe Karlheinz Stockhausen ya yi amfani da dabarar a kiɗansa a 1968, David Hykes kuma ya kafa ƙungiyar Harmonic Choir a New York a 1975. Daga nan ta shiga ajujuwan natsuwa da na neman waraka da sauti, inda akan haɗa ta da dogon numfashi da rufe ido. Wannan amfani sabo ne, kuma iƙirarin warkar da cututtuka bai sami ƙwaƙƙwarar hujjar likita ba. Batun cewa bokayen Tuva da khoomei suke kiran iskoki ma ana ja a kansa, domin an fi sanin su da ganga da kirari.