Waiwaye: Daga Ina Wutar Olamfik da Zobbanta Biyar Suka Samo Asali?

Duk wanda ya kalli yadda ake kunna wutar Olamfik a kangon Olympia da ke ƙasar Girka, mata sanye da fararen riguna, a sa madubi mai zurfi kamar kwano ya tattara hasken rana har wuta ta kama, zai rantse al'ada ce da aka gada tun kaka da kakanni. Ni ma haka na ɗauka shekara da shekaru. Gaskiyar magana ita ce, yawancin abubuwan nan ba su wuce shekara ɗari da 'yan kai ba.

Wasannin Girkawan dā sun faro ne a shekara ta 776 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma wanda ya yi nasara kambin ganyen zaitun kawai ake ɗora masa a ka. Babu tuta, babu zobba. Bafaranshe Pierre de Coubertin ne ya farfaɗo da gasar: ya kafa kwamitin Olamfik na duniya a Paris a 1894, aka yi wasannin farko a Athens a 1896. Shi ya zana zobba biyar ɗin nan masu sarƙe da juna a 1913, amma Yaƙin Duniya na Ɗaya ya sha gabansu, tutar ba ta kaɗa a filin gasa ba sai a Antwerp ta Beljiyam a 1920. A can ne kuma aka fara rantsar da 'yan wasa.

Ana yawan cewa baƙin zobe na Afirka ne, rawaya na Asiya. Ba abin da Coubertin ya nufa ke nan ba. Zobban dai nahiyoyi biyar ne, amma launukan, shuɗi da rawaya da baƙi da kore da ja, haɗe da farin ƙyallen, ya zaɓe su ne don kowace tutar ƙasa ta wancan zamani tana da aƙalla ɗaya daga ciki.

Inda zancen ya fi nauyi shi ne batun wutar yula. An fara kunna wuta a filin wasa a Amsterdam a 1928, amma ɗauko ta daga Olympia hannu da hannu, a Berlin aka ƙirƙiro shi a 1936, zamanin Hitler. Carl Diem ne ya kawo shawarar, gwamnatin 'yan Nazi ta rungume ta don ta yi daidai da farfagandarsu. Mutum fiye da 3,000 suka yi gudun miƙa wutar, kowa kimanin kilomita guda, ta ratsa ƙasashe bakwai. Kamfanin Krupp mai ƙera makamai shi ya ƙera sandunan. Abin da ke sosa mini rai shi ne, cikin 'yan shekaru sojojin Jamus suka mamaye Girka da Yugoslabiya da Chekoslobakiya, ƙasashen da wutar ta bi ta cikinsu.

Duk da haka ba a jefar da al'adar ba bayan yaƙi, kuma a ganina an yi daidai, domin waɗanda suka riƙe wutar daga baya sun wanke ta. A Tokyo a 1964, Yoshinori Sakai ne ya kunna ta, matashin da aka haifa a yankin Hiroshima ranar da aka jefa bam ɗin nukiliya. A Atlanta a 1996 Muhammad Ali ya fito, hannunsa na hagu yana karkarwa saboda ciwon Parkinson, na dama yana riƙe da wutar, ya sunkuya a hankali har ta kama. Mutane da yawa sun zub da hawaye a daren nan.

Sauran al'adun sun yi ta sauyawa. Zakaran 1896 azurfa aka ba shi. Zinare da azurfa da tagulla a 1904 suka fara, kuma tun bayan 1912 lambar zinaren ba zinare zalla ba ce, azurfa ce aka shafe da aƙalla giram 6 na zinare. Sakin tattabaru kuwa ya gamu da cikas a Seoul a 1988, da wasu suka sauka a bakin kaskon wutar suka ƙone. Taken gasar ma, na sauri da tsalle da ƙarfi, an ƙara masa kalmar "tare" a 2021.

Wadda na fi ƙauna ba wani babba ne ya kawo ta ba. A Melbourne a 1956, ana tsakiyar rikicin Suez da murƙushe boren Hungary, wani yaro ɗan asalin Sin mai suna John Ian Wing ya rubuta wa masu shirya gasar wasiƙa, ya roƙi a bar 'yan wasa su shigo bikin rufewa a cakuɗe, ba kowace ƙasa da layinta ba. Aka karɓi shawarar, kuma har yau haka suke shigowa.